Kwalbar da Ke Ƙarƙashin Na'urar Sanyi

Ni direba ne, kuma ban taɓa sa giya a bakina ba. Gara in faɗi wannan tun da wuri.

A lokacin ina ci-rani a wata ƙasar Larabawa da ta haramta giya, ina tuƙa wata Baturiya da ke aiki a Unguwar Ofisoshin Jakadanci. Mahaifinta ya zo hutu, wani tsoho mai jan hanci, manomin inabi daga wasu duwatsu masu sanyi. Da ya ji ina jin Faransanci irin namu na Maraɗi, sai ya liƙe mini. Kullum zancensa ɗaya ne, jar giyar da yake yi. Wai sanyi ke sa inabinsa ya nuna a hankali, shi kuwa ba ya ƙara sukari, ba ya zuba yis, ko tacewa ba ya yi. Ya matse, ya rufe, ya yi tafiyarsa. Na ce a raina, wannan ai lalaci ne aka sa wa kwat.

Na ce, "Baba, mu fa ba ma sha."

Ya ce, "To ka yi khal, ruwan tsamin nan na zubawa a salak. Hanyar ɗaya ce. Ka ajiye a wuri mai sanyi, ka cire hannunka."

Da bakinsa ya ce hanyar ɗaya ce. Ni ne ban tsaya na yi tunani ba, don murnar kwalin jan inabin da ya ba ni ranar tafiyarsa. Na kai shi ɗakinmu na unguwar Manfuha, inda mu biyar muke zaune. Na matse a ƙatuwar kwalba, na ɗaure bakin da tsohon rawani, na girke ta ƙarƙashin na'urar sanyi. Har ɗaya daga cikinmu, wani magini Badamagare, na sa ya janye katifarsa.

Kwana biyar abin ya fara kumfa, yana ƙara kamar cikin mai jin yunwa. Warin kuwa ba ya buƙatar tafinta. Sai a nan na gane cewa kafin inabi ya zama khal, sai ya bi ta gidan giya.

Maginin ya dafe kai. "Kai yaro, ka kashe mu! In haris ya shaƙi wannan, tarhil ne, a kora mu gida. Iƙamar mutum biyar, takardar zamanmu duk ta tafi!"

Gaskiya ya faɗa. Haris shi ne mai gadin ginin, wani Basudane mai hanci kamar na kyanwa, kuma ɗakinsa na jikin banɗakin da dukanmu muke shiga. Ko zubarwa ba ta yiwuwa, sai an ratsa ta ƙofarsa. Tsoro ya kama ni sosai, na ga kaina a jirgi da jaka ɗaya. Na ɗauko gishiri zan antaya, ko abin zai yi sauri.

Malamin ɗakinmu, wani Bakano mai tsaron shago, ya riƙe mini hannu. "Kada ka kuskura! In ya juye ya zama khal da kansa, halal ne. In ka sa hannu, malamai sun yi saɓani. Kuma ba mai ɗanɗanawa."

Dariya ta ƙwace mini har na zauna a ƙasa. Tsohon mai giya da malaminmu, ashe fatawarsu ɗaya.

Haka muka yi wata biyu muna gadin kwalba. Turaren wuta safe da yamma, miyar daddawa kullum, ko ba ma marmari, duk don a danne warin. Mutum zai dawo daga aiki ya yi wa kwalba sallama kafin ya gaishe mu. In an taɓa ƙofa sai mu daskare, in an wuce mu fashe da dariya kamar waɗanda suka sha abin da gaske. Ni kuwa hannuna har ƙaiƙayi yake yi, ina son in girgiza ta ko sau ɗaya.

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, haris ya ƙwanƙwasa, wai zai duba na'urar sanyi. Ya shigo, ya ɗaga hanci sama, ya nufi kwalbar kai tsaye. Ya kwance rawanin. A cikinmu babu wanda ya san ko giya ce ko khal, tunda ba a taɓa ɗanɗanawa ba. Maginin ya fara salati ƙasa-ƙasa.

Haris ya tsoma yatsa, ya lasa. Fuskarsa ta yamutse, ido ɗaya ya rufe, har da ƙwalla.

"Khal!" in ji shi. "Wallah mumtaz, ya yi kyau! Ku cika mini kwalba ɗaya, matata na neman irinsa." Sai ya juyo gare ni. "Ya sadik, yaya ka yi shi?"

Na ce, "Wallahi ban yi komai ba."

Malam ya ɗaga yatsa daga kan katifarsa, ya ce, "Ni ne shaida."