Na Fi Shi Maki, Shi Ya Zama Injiniya

Shekarun baya can, lokacin da auduga ke da daraja a ƙasar Funtua, na gama sakandare da buri ɗaya tal, in zama injiniya. Wata kwalejin fasaha ta shirya jarrabawar ɗaukar ɗalibai, aka ce 'yan yankinmu a Funtua za su zauna. Ɗakin da aka samu ya yi mana kaɗan, sai aka raba mu gida biyu, 'yan safe da 'yan yamma, kowane rukuni da tambayoyinsa daban don kada na safe su tsegunta wa na yamma. Ni aka sa ni da yamma. Abokina, wanda muka yi aji ɗaya da shi tun shigarmu sakandare, aka sa shi da safe. Iyayensa mutanen Kudu ne, babansa na sayar da kayan keke a kasuwa, amma shi haifaffen Funtua ne, Hausarsa har ta fi tawa kaifi.

Daga gidanmu matsalar ta taso. Mahaifina ya sa gayyar huɗa a gonar audugarsa washegarin jarrabawar, motar ƙarshe da ke zuwa ƙauyenmu wajen Mahuta kuma kafin la'asar take barin tasha. In na zauna da yamma, dole in kwana a gari. Ranar da abokina ya zo mana ziyara, mahaifina ya tare mu a zaure.

"Yanzu a tara mutane a gonata, a yi tuwo, a kira makaɗa, a ce babban ɗana yana can gari? Ku yi musaya mana. Jarrabawa ai jarrabawa ce, ko safe ko yamma."

Abokina ya ce, "Ba komai Baba, ni ai a gari nake."

A wancan zamanin abin ba wuya. Akawun da ke kula da sunaye ko ɗago kai bai yi ba, ya canja mana.

Da safe na tarar ɗakin cike da 'yan manyan makarantun kwana, waɗanda aka kwaso a motocin makarantunsu tun da sassafe don su koma a ranar. Ban damu ba, don tambayoyin sun zo mini da sauƙi kamar ni na rubuta su. Na fito ina taƙama, na sami mota, washegari na yi huɗa har da kirari. Da muka haɗu da abokina ya ce takardar yamma ta gasa musu aya a hannu, wasu tambayoyin ko taɓa su bai yi ba. Ni fa har haƙuri na ba shi. Na dafa kafaɗarsa na ce kada ya damu, akwai baɗi.

Da sakamako ya fito, na ci saba'in da 'yan kai, shi ko sittin bai kai ba. Shi aka ɗauka. Ni aka bar ni.

Mahaifina ya sa babbar riga ya ce in wuce mu je kwalejin. Wani malami ya ba mu kujera, ya yi bayani a tsanake.

"Alhaji, ba yawan maki kaɗai muke dubawa ba. Takardar safe ta yi sauƙi, ta yamma ta yi tsauri. Shi ya sa kowane yaro da waɗanda suka zauna tare muke auna shi, mu ga a cikin ɗari mutum nawa ya wuce. Ɗanka ya ci da yawa, amma da safe kusan kowa ya ci da yawa, a tsakiya ya tsaya. Abokinsa kuwa 'yan kaɗan ne suka sha gabansa da yamma."

"Tsaya Malam. Saba'in da hamsin, wanne ya fi?"

"Saba'in, Alhaji."

"To?"

Malamin ya sake bayani daga farko. Mahaifina ya sake tambayarsa saba'in da hamsin. Ni kuwa tun a bayanin farko na gane komai, haushi kamar ya kashe ni. Ga ni zaune tsakanin mutumin da ke da gaskiya da mutumin da ya haife ni, ba wanda zan iya ɗaga wa murya.

A mota muna komawa mahaifina ya juyo ya ce, "To kai me ya hana ka zauna da yamman?"

Na ce, "Baba, ai da yamman aka sa ni."

Muka bar kwalta muka hau hanyar ƙauye. Can ya yi gyaran murya ya ce, "Huɗar dai ta yi kyau." Wallahi da ba a cikin mutane muke ba, da na fashe da kuka.

Bai yarda in zauna shekara guda ina jiran baɗi ba, sai na tafi kwalejin malamai. Lissafi na koyar har na yi ritaya, kuma na sha koya wa yara wannan tsarin da ya kayar da ni. Na san adalci ne. Na kuma san ba ni da tabbacin cewa da na zauna da yamma da na ci. Wannan rashin sanin shi ya fi ba ni haushi, don har yau in na tuna sai na yi tsaki ni kaɗai, iyalina su tambaya ko lafiya.

Abokina ya zama injiniya, kuma zumuncinmu bai taɓa yankewa ba. Duk Sallah sai ya zo ƙauye gaishe da mahaifina. Shi kuma tsohon, har ya koma ga Allah, in baƙi na zaure sai ya kama hannun abokina ya ɗaga, ya ce musu, "Kun ga wannan? Babban injiniya ne. Ɗana ya fi shi maki."