Ƙafar da Kai Bai Manta Ba

Jiya ina share ɗaki na tsinci takalmin Baba na hagu, har yanzu da ƙamshin sabuwar fata. Na dama tuni ya cinye.

Baba fataucin goro yake yi daga Salaga zuwa Bawku. Ana saura kaɗan Ghana ta sami 'yanci motarsu ta kife kusa da Yendi, aka yanke masa ƙafar hagu daga gwiwa. Amma ƙafar ba ta daina yi masa ƙaiƙayi ba. Likita ya ce jijiyoyin da suka rage ne ke ta aika saƙo ƙwaƙwalwa, ita kuwa tana nan a kan saninta na da. Baba ya taƙaita zancen: "Ƙafa ta tafi, kai bai sami labari ba."

Bayan la'asar yakan ce, "'Yata, zo ki sosa mini babban yatsa." Sai in durƙusa in sosa tabarma a daidai inda yatsan zai kasance, ya lumshe ido, ya yi ajiyar zuciya.

Wata rana tuwo na kan wuta, na ce, "Haba Baba, ba komai a wurin fa."

Ya ce, "Na sani."

Bai sake roƙona ba har ya rasu.

Yau shekara arba'in da rasuwarsa, har yanzu ina jin tarinsa a zaure. Nawa kan ma bai sami labari ba.

Allah ya jiƙanka, Baba, ya tashe ka da ƙafafunka biyu. Ka yafe mini.