Fuskar Babana a Jikin Katako

Kaka ce, ta shekarar da ruwa ya dawo mana bayan fari na shekara biyu. Gero ya yi, dawa ta yi, har gyaɗar da muka fid da rai da ita ta ɗan taɓuka. Arzikin man fetur kuma ya fara leƙo ƙauyuka ta hannun 'ya'yan da ke aiki a Kano: wannan ya zo da rediyo, wancan da babur, mai ɗakin ciyawa yana zancen rufin kwano. Shekara ce da mutum ke jin duk abin da ya sa a gaba zai yiwu. Ni ma haka na ji ta. 'Ya'yana shida suna raye, ciwon ƙafar maigidana ya lafa, kuma tun da na gama ajin yaƙi da jahilci ba na kai wa kowa wasiƙata ya karanta mini.

A cikin kakar na tashi daga Gwaram zuwa Birnin Kudu don in duba gwaggona, ƙanwar mahaifina, wadda ciwon yana ya rufe wa ido. A hannunta ɗan farina ya tashi. Ranar da aka yaye shi ta zo ta goya shi ta tafi, kamar yadda ake yi, ni kuwa ban ko leƙo daga ɗaki ba. A wajenmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta zama hira da shi, ba ta tsayar da ido a kansa, shi ma ba ya tsayar da nasa a kanta. In tana da magana sai ta faɗa wa na kusa, shi yana ji. Ba rashin so ba ne. Na san watan da ya fara tafiya, na san shekarar da ya yi ƙyanda, amma duk ta bakin mutane. A lokacin da nake ba da labarin nan shekararsa ashirin da huɗu.

Sana'arsa fenti. Yana da rumfa a bakin tasha, inda yake rubuta wa manyan motoci kirari a goshi, ya zana musu zaki ko ɗawisu a baya, ya yi wa masu shaguna allo. A shekarar sai ya ɗauko wani aikin da ba wanda ya sa shi, wato zana makaɗan ƙasarmu ɗaya bayan ɗaya a jikin fallen katako. Masu shirya nunin amfanin gona suka ji labari, suka ce ya kawo a jera ranar nuni. Saura kwana tara na iso garin.

Kashegarin zuwana Gwaggo ta miƙo mini bakin sandarta.

"Ja ni mu je in ga aikin mijin nan nawa," in ji ta. Haka take kiransa, wasan kaka da jika.

Na ce, "Da wane idon, Gwaggo?"

"Da naki. Me na ajiye ki yi?"

Muka tarar da katakai bakwai a jingine da bangon rumfa. Akwai wata tsohuwa mai kiɗan ƙwarya ta Wurno, ta sunkuya, bakinta a buɗe, kana ganin jijiyar wuyanta. Akwai wani makiyayi na wajen Basirka da sarewarsa, idonsa ba a kan mai kallo yake ba, yana can gefe inda shanunsa suke, ko da yake ba a zana shanun ba. Akwai mai garayar mafarauta na Yalwan Damai, wanda na sani tun ina yarinya, har farcensa na babban yatsa da ya tsage an sa. Na daɗe a tsaye ina faɗa wa Gwaggo abin da nake gani. Ban yi zaton hannun mutum zai iya haka ba, balle hannun da na haifa.

Mai kalangun mahautan garin yana zaune a kan benci, ya zo ganin nasa, bai kuwa ji daɗi ba.

"Malam mai fenti, ka ji tsoron Allah," in ji shi. "Haka bakina yake? Kamar na akuya mai tuƙa?"

"Baba, haka yake in kana kiɗa."

"To ka zana ni ba na kiɗa mana. Ina da sabuwar hula."

"In ba ka kiɗa ai ba kai ba ne. Wani tsoho ne kawai mai sabuwar hula."

Direbobin da ke zaune suka tuntsire da dariya. Ɗaya ya ce wa tsohon ya gode Allah ba a bayan mota aka zana shi ba, da har Legas sai an ga bakin. Tsohon ya zage shi ta uwa ta uba, sannan ya juyo ya tambayi ɗan farina, ba da wasa ba, me ya kai shi wannan wahala, ga motoci suna jiransa.

Ya amsa kansa a sunkuye, don ina wurin. Ya ce tun yana ƙarami yara ke ce masa jikan makaɗi, yana jin haushi, ya yi dambe a kan haka ba sau ɗaya ba. Da ya girma sai ya ga rediyo ta shiga kowane zaure, gayya ta ragu tun da aka fara hayar tarakta, masu ganga suna mutuwa ba a maye gurbinsu. Bara mai kiɗan kurya na unguwarsu ya rasu, bayan wata uku ya nemi kamanninsa a kansa ya rasa. Ya ce, "Sarakuna da 'yan siyasa suna da hoto a bango. Waɗanda suka sa mutane noma da rawa ba su da ko ɗaya. Shi ne na ce bari in riƙe waɗanda na samu."

Daga nan ya shiga ciki ya fito da katako na takwas, a lulluɓe da tsohon buhu. Ya ce wa Gwaggo, "Kaka, ga yayanki."

Mahaifina mai gangar noma ne a Gwaram. In an yi gayya, samari suka jeru da garma a bakin kuyya, shi ke shiga gabansu yana tafiya da baya, ganga a rataye, yana buga wa kowa takensa har a kai ƙarshen gona. Ya rasu shekarar da aka yi mini aure, kafin a haifi jikan nasa. Ba a taɓa ɗaukarsa hoto ba. Don haka yaron ya hau babur har Gwaram, ya zauna da tsofaffin da suka yi noma a gaban gangar, ya tambaye su kamanninsa.

Da ya yaye buhun sai ga wani dogon mutum fari, da babbar riga da rawani, a zaune a kan buzu, ganga a gefensa kamar an ba shi ajiya. Nan take na gane abin da ya faru. A ƙasarmu ba a siffanta mamaci da kayan aikinsa. Duk wanda ya rasu dogo ne, mai haske, mai kwarjini. Tsofaffin ba ƙarya suka nufa ba, girmama shi suka yi.

"Yaya?" in ji Gwaggo, tana jan zanena. "Shi ne?"

Na ce, "Fentin ya yi kyau."

"To ba shi ba ne," in ji ta. "Kai, mijin banza, wa ka zano mini? Limamin wane gari?"

A hanyar gida abin ya tsaya mini a rai. In aka rataya katakon nan a wurin nuni, mutane suka gani, daga baya ya zauna a zauren gidansa, shi ke nan. 'Ya'yansa da jikokinsa za su tashi suna nuna wani baƙo suna cewa kakansu ne. Gwaggo ba ta gani. Tsofaffin Gwaram sun riga sun faɗi tasu. Ni kaɗai na rage mai ido da kuma gaskiyar abin, ni ce kuma wadda ba ta magana da mai zanen.

Sai na tuna ina da hannu. Na yago falle daga littafin da nake rubuta sunayen 'yan adashinmu, na zauna a gindin darbejiyar gidan da fensir. Na rubuta cewa gajere ne, baƙi, ƙaƙƙarfa. Wandonsa kullum a naɗe zuwa gwiwa, ƙafarsa da laka. Ba ya zama in yana kiɗa. Yana cije leɓen ƙasa, idonsa na hagu ya ƙanƙance. Yana da wushirya. Hularsa ta saƙi ce, ta koɗe. Ban sa gaisuwa a sama ba, ban sa suna a ƙasa ba. Na ninke na ɗora a kan murfin kwanon tuwon da ake kai masa rumfa. Aka dawo da kwanon a wanke, ba takarda.

Kwana biyar bai shigo gidan ba sai dai ya gaishe da Gwaggo daga zaure. Ran na shida, bayan la'asar, ya shigo da katakon a kafaɗa ya jingina shi da rumbu. Ya goge na farko gaba ɗaya. Yanzu ga gajeren mutum a tsakiyar gona, ya ɗaga ƙafa ɗaya zai taka da baya, gangar a ƙugunsa, sandar kiɗan a sama. Tsayuwar tasa ce. Har gabana ya faɗi. Amma da na kai ido ga fuskar, sai na ga ba ta kowa ba ce. Ga wushirya, ga leɓe a cije, ga ido a ƙanƙance, duk abin da na rubuta yana nan, mutumin ne dai ba ya nan.

"Faɗa mini," in ji Gwaggo.

Na ce, "Jikin nasa ne. A gaya wa mai aikin ya yi ƙoƙari."

"Fuskar fa?"

Na kau da kai daga katakon.

Ya durƙusa kusa da Gwaggo ya ce, "Kaka, iyakar abin da takarda za ta ba ni ke nan. Fuska sai an gan ta. Sauran bakwai ɗin kowanne sai da na zauna a gabansa wuni guda ina kallo. Jibi za a kwashe katakan. Ko in kai shi haka, wa zai sani? Ko in bar shi a gida."

Gwaggo ta laluba ta kama kunnensa.

"Wa zai sani? Ni zan sani, makauniya ma. Kai dai ba ka da wayo, shi ya sa na ƙi tarewa a gidanka. Fuskar da kake nema tana cikin gidan nan kwana bakwai tana cin tuwona. Goshin, hancin, har wushiryar. Ranar da aka haife ta ungozoma cewa ta yi a ɓoye gangar, ga mai ita na biyu ya iso. Ba ka taɓa ɗaga kai ka duba ba ne."

Ni na juya ina gyara itacen murhu da ba ya bukatar gyara. Shi kuwa ya miƙe, ya ce, "Kaka, wannan ba zan iya ba." Ya ɗauki katakonsa ya fita.

Gwaggo ba ta matsa mini ba. Abin da ta ce kawai, tana laluben goronta, shi ne ita ba za ta ce in yi ba, ba za ta ce in bari ba, don da bakinta ta koya mini kunyar nan ranar da aka kai ni ɗaki.

Na ɗora tukunya ina tunani. Na san abin da za a ce. Tasha ba ta rufa asiri. Kafin azahar labari zai kai Gwaram a motar farko, cewa an ga wance zaune gaban ɗan farinta ido cikin ido kamar 'yar bariki. Matan gidanmu za su yi mini dariya har shekara. Wannan bai tsorata ni sosai ba, na iya haƙuri da dariya. Abin da na tambayi kaina shi ne, kunyar nan don wa ake yin ta? Tun muna yara aka gaya mana: mace tana kau da kai daga ɗan farinta ne don girman iyayenta, kada ta nuna a gabansu ita ma ta zama uwa. To ashe shekara ashirin da huɗu don mahaifina nake kau da kai. In kuwa don shi ne, ban ga yadda za a yi kunyar da ake yi dominsa ta zama sanadin ɓacewar fuskarsa ba. Da na kai nan sai zuciyata ta kwanta. Na tuƙa tuwo, na zuba wa kowa nasa.

Da gari ya waye na yi wanka, ban sa kwalli ba, ban ɗaura 'yan kunne ba, don mahaifina ba ya da su. Na ja ɗankwalina baya yadda goshina zai fito. Na isa rumfar kafin tasha ta cika, yana jera gwangwanayen fenti. Na jawo bencin zuwa inda haske ke faɗowa, na zauna, na sauke mayafina a kafaɗa.

Ya tsaya da gwangwani a hannu, idonsa a ƙasa.

Na ce, "Ɗauko katakon. Ɗago ka duba, rana tana yi."

Ya ɗauko. Da farko kallon sata yake yi, ya ja layi ya goge. Can sai aikin ya ci ƙarfin kunyar, ya shiga kallona yadda na ga yana kallon bayan mota. Tun da ba ni da inda zan kai nawa idon, ni ma na dube shi. A nan na ga yana da tabo a girar dama, tsohon tabo, wanda ba wanda ya taɓa ba ni labarinsa. Na riƙe tambayar sai wani lokaci.

Da hantsi ya juyo mini da katakon. Na duba da kyau, na ce, "Hancin ya fi haka faɗi. Ƙara masa." Na gyara zama.