Gwiwar Kawu Sale

Bana shekara tara ke nan da Kawu Sale ya riga mu gidan gaskiya, amma har yau in hadari ya haɗo a Zawaciki, sunansa ake fara ambata kafin a kwashe shanya. Ƙanin mahaifiyata ne, ma'aikacin kamfanin jima a Challawa. Ko kwale-kwale bai taɓa shiga ba, amma in ya soma labarin mashigin Suwez da ya ji a rediyo, sai ka rantse shi ya riƙe wa injiniyoyin igiyar awo.

A da, in aka yi ruwa a layinmu, agwagwa ma sai ta nemi agaji. Ɗakin matarsa, Inna Larai, shi ne masaukin ruwan, duk damina tana kwalfewa da roba. Wata rana Kawu ya tara mu a ƙofar masallaci ya ce, "Talakawan Masar da fartanya da kwando suka tsaga hamada, shekara goma, suka haɗa teku biyu. Su tilasta musu aka yi, da yawansu a can suka kwanta dama. Mu da za a dama wa kunu, kwata ɗaya za ta gagare mu?"

Aka sa gayya. To, rabinmu da safe muke shiga kamfani, rabi da yamma. Masu aikin yamma suka riƙa haƙa da hantsi daga masallaci, mu masu aikin safe muna tasowa daga kududdufi bayan la'asar. Ba mu taɓa haɗuwa da shebur a hannu ba, kowa yana zaton ɗaya ɓangaren ne ke bin layinsa. Ranar da ya kamata ramukan su gaisa, sai suka wuce juna kamar masu gaba, daidai bayan ɗakin Inna.

Na ce, "Kawu, kun ga fa mun saɓa!"

Ya gyara hula ya ce, "Kai ɗan nan, ba ka san aikin teku ba. Ruwa ma yana son ya huta."

Aka haɗe su da lanƙwasa, aka raɗa mata Gwiwar Kawu.

Kwanakin baya na raka yayana asibiti a Masar. Da ya samu sauƙi, na ce ba zan koma Kano ba sai na ga abin da Kawu ya cika mana kunne da shi. Muka je Suwez, muka shiga jirgin fito. Jama'a, gani ya kori ji! Yashi dama, yashi hagu, ga jiragen kaya a jere, kowanne sai ya haɗiye unguwar Sharada ya nemi ta Bompai ya kora, suna tafe sannu-sannu kamar ma'aikata a bakin get ranar Litinin. Da aka nuna mini taswira na ga ashe Suwez ɗin ma yana da lanƙwasa, har da tafkin da jirage ke tsayawa su jira, na yi dariya har da hawaye. Kawu, kun ci gari.

Nakan ce da yana raye lokacin da wani ƙaton jirgi ya gicciye a can ya tsayar da kasuwar duniya, me zai ce? Na san amsarsa: "Da gayya suka kira su dama kunu, kafin azahar an gama."

Na dawo na tarar da tamu Gwiwar ta toshe da ledar ruwa, damina a bakin ƙofa, Inna ta riga ta ɗora katifarta kan buhuna. Samari na jiran hukuma. Na tara su, na ba su labarin Kawu, na ƙara gishiri daidai gwargwado. Wannan karon Lahadi muka sa, kowa ya ga idon kowa. Wani ya ce a miƙe kwatar a huta, Inna ta leƙo ta ce, "Ku kwashe sharar, ku bar masa gwiwarsa."

Kawu bai bar gona ko shago ba, kwata ya bari, ita ma karkatacciya. Amma ruwan farko na bana ya zo Gwiwar, ya ɗan huta, ya wuce abinsa, Inna ta sauke katifa. Allah Ya kai rahama kabarin Kawu Sale, ita kam ba sai ta bi lanƙwasa ba.