Takalman Baban Saratu a Ƙofar Coci

Shekara tara ke nan da Baban Saratu ya kwanta dama. Maigidana ne, kuma ba zan kama sunansa a jarida ba, tunda ban taɓa kama shi a gabansa ba. Ni ban yi boko ba, da baki nake faɗa ake rubutawa. Amma abin da kunnena ya ɗauka, ban zubar da ko ƙwaya ɗaya ba.

Cinikin albasa ne ya kawo mu Fegge, nan Anacha, daga ƙauyenmu na ƙasar Katsina. Mu Kirista ne tun iyayenmu, wannan kuwa abu ne da kan mutanen nan ba ya ɗauka. Hausawan kasuwa suna mana kallon ɓatattu, Ibo suna mana kallon masu leƙen asiri.

Lahadinmu ta farko Baban Saratu ya sa babbar riga da hula. Da muka isa ƙofar coci ya tuɓe takalmansa, ya jera su gefe, ya shiga da hularsa a ka. Mai tsaron ƙofa ya sha gabansa, ya ce da Turancin kasuwa, "Aboki, nan ba masallaci ba ne. Sa takalminka, cire hula."

Baban Saratu ya tambaye shi, "Gidan wa ne nan?"

Mai tsaron ya ce na Sarkin sarakuna ne.

"To a garinmu ko gaban dagaci ba a zuwa da takalmi, balle gaban wannan."

Fasto ya fito ya ji, ya yi dariya har da riƙe ciki. Hular dai ya cire don girman masu gida, ya ɗora a gwiwa. Takalmi kuwa, har ya koma ga Mahaliccinsa bai taɓa taka cocin nan da shi ba.

Daga nan aka ba shi Lahadin da ke gabanin Kirsimeti, ya riƙa karanta annabcin zuwan Almasihu da Hausa. Yakan ce annabawa sun hango kututturen gidan sarauta da aka sare ya yi toho, daga tohon nan Sarki ya fito, mai yi wa talaka shari'ar gaskiya. Kuma ceton ƙabila ɗaya ya yi masa kaɗan, sai haskensa ya kai bakin duniya. In ya zo nan sai ya rufe littafin, ya dubi jama'a, ya ce, "Mu ne bakin duniyar. Ga mu mun iso."

Akwai samarin arewa masu sauke buhunan albasa, cikinsu har da Kirista da ke tsoron shiga cocin Ibo. Takalman nan da suke gani a ƙofa su suka riƙa shigo da su. Da ya rasu, limamin masallacin unguwarmu, abokin gardamarsa, ya zo ya tsaya a waje har aka gama addu'a. Ya ce mini, "Maman Saratu, ban yarda da karatunsa ba, amma ban taɓa kama shi da ƙarya ba."

Tun rasuwarsa ɗanmu Habila ke yin karatun. Makon jiya ya zo mini yana sosa ƙeya. Shi yanzu ɗan kwamitin coci ne, Ibo a bakinsa kamar ruwa. Wai sun zauna sun ga masu jin Hausa sun ragu, lokaci kuma yana ƙurewa, don haka bana za a bar karatun.

"Mama, abeg, ki yi haƙuri. Sarki goma, zamani goma."

Na ce, "Wane sarkin ne ya mutu, Habila? Ubanka ne ya mutu. Sarkin da yake karanta mana, an ce mulkinsa ba shi da iyaka. Ko kwamitinku ya yi masa iyaka?"



Me Baban Saratu zai ce da ya ga yau? Zai ga coci ta yi bene, ga fanka, ga lasifika kamar za ta tsaga kunne. Zai kuma ga ana laluben aljihun duk mai doguwar riga a ƙofa, ana barin mai kwat ya wuce. Na san ba zai yi fushi ba, shi mai sanyin rai ne. Zai ce rijiya ta bayar, guga ya hana. Ni ce mai zafin, kuma ni aka bari.

Ban raina Ibo ba. Sun ɗauki gawarsa a kafaɗarsu, ba zan manta ba. Amma in an ce ceto na dukan al'ummai ne, to a bar kowa ya ji shi da harshen da uwarsa ta yi masa rarrashi. In mutum ɗaya ne ya rage mai jin Hausa a benci na baya, shi ma al'umma ne.

Bai bar mana gida ba, bai bar mota ba. Ya bar karatun nan a kaina, don na saurare shi har na haddace, da inda yake ja da inda yake numfasawa. Takalmansa kuma suna ƙarƙashin gadona.

Saboda haka kwamiti su ji da kyau. Ranar Lahadin nan zan ɗauki takalman, in jera su a ƙofa inda ya saba ajiyewa, in ajiye nawa kusa da su, in shiga in yi karatun da ka. In sun ba ni lasifika, na gode. In sun hana, muryar da ta yi tallan albasa a kasuwar Anacha ba ta buƙatar waya. Habila kuma ya zaɓa: ko ya zauna cikin kwamiti, ko ya tuɓe nasa ya zo ya riƙe mini hannu.