Kifin da Alhaji Gado Bai Gani Ba

Ban taɓa mantawa da ranar da na kai ayarin alhazan Yawuri Jidda ba, ko da yake na yi shekaru ina so in manta. Farkon shekarun 1960 ne, lokacin da Hajji ke faɗowa tsakiyar zafi. Ina tafinta a ofishin wani muɗawwifi, wato mutumin da ake danƙa wa alhazai tun daga saukarsu har komawarsu. Ni Bakur, haifaffen unguwar Tandabawi ne a Makka, Hausa a gida, Larabci a waje, shi ya sa aka ɗauke ni. Fasfo ɗin kowane alhaji yana hannunmu, kuma alhaji ba ya fita Makka zuwa Jidda sai da ɗayanmu. Ku yaran yau da kuke aiki cikin mota mai sanyi, ku daina danna wayar nan ku saurara.

Cikin ayarin akwai wani dattijo, Alhaji Gado, masunci ne tun yana yaro. Idonsa na hagu yanar ido ta riga ta rufe shi, na dama kuma ya fara hazo. Ba mai yawan magana ba ne, amma in aka taɓo kifi sai ka rasa ta inda za ka tsayar da shi: giwan ruwa, tarwaɗa, karfasa, kowanne ya san inda yake kwana. Wata rana bayan la'asar ya kira ni gefe, ya ce wani malami a garinsu ya ba shi labarin kifin Annabi Musa, Alaihissalam. Wai lokacin da aka bugi teku ta tsage, tsagin ya bi ta kan wani kifi ya raba shi biyu, shi ya sa har yau yake falle ɗaya, idanunsa biyu a gefe guda. Ya tambaye ni ko gaskiya ne akwai shi a tekun nan.

Ni da bakina na ce akwai, Larabawa ma haka suke kiransa, samak Musa. Na ƙara da cewa kusa da Bangala, kasuwar kifin Jidda, wani Balarabe Bahadrame yana da babban akwatin gilashi cike da ruwan teku, ya zuba kifaye masu rai, matafiya na tsayawa kallo. Ban taɓa zuwa ba, ji nake, amma na ba da labarin kamar ni na haɗa akwatin. Sai tsohon ya ce yana so ya ga kifin yana motsi kafin idon daman ya bi ɗan'uwansa. Na ce in sha Allahu ranar tafiya zan kai shi. Irin in sha Allahun da muke yi wa alhazai sau ɗari a yini ce, shi kuwa ya ɗauke ta alkawari.

Aka sauko daga Mina ran sha uku ga Zulhajji, aiki ya yi mana rubdugu. Alhaji Gado bai ƙara tayar da maganar ba ko sau ɗaya. In mun haɗu sai dai ya tambaye ni gajiya.

Ranar tafiya, muɗawwifi ya ce in miƙa fasfo ga wakilinmu a masaukin alhazai na Jidda, in karɓi sa hannu, in dawo, don washegari akwai mutanen Maraɗi. Mun isa kafin azahar. Na kira suna, wakili ya sa hannu, aka ce jirginsu sai gobe da safe. Direbanmu kuwa ya rantse ba zai hau kwalta ba sai rana ta yi sanyi, kada taya ta fashe. Kun ga ke nan ina da lokaci, har da saura.

Bayan salla na hango tsohon zaune a bakin ƙofa. Ya canza riga, ya sa farar da ya ajiye don sauka gida, ya rambaɗa kwalli wai ko idon ya washe, sandarsa a kan cinya. Wallahi na gani, kuma na gane. Amma na gaji, ƙafafuna sun kumbura, ga abokai sun ɗora shayi a inuwa. Sai na je na durƙusa, na shirya tambayar yadda zan samu amsar da nake so.

Na ce, "Baba Alhaji, ka ga ranar nan. Ko dai mu bar maganar kifin nan?"

Ya juyo da idon daman ya dube ni, ya ce, "Ba komi, ɗana. Kak ka wahal da kanka. Allah shi yi ma albarka."

Na ce amin, na tafi na sha shayina, har na yi gyangyaɗi. Na gaya wa kaina ai shi ya ce a bari. Ƙarya nake wa raina. Uwata Bakatsiniya ce, na san abin da dattijo ke nufi in ya ce ba komai alhali ya sa rigar fita.

Bayan la'asar muka kama hanya, direba ya ce zai ratse Bangala ya sayi kifi wa iyalinsa. Ko sigarinsa bai ƙare ba muka isa. Kusancin ke nan. Na sauka, ga akwatin gilashin a rumfa, mutane sun kewaye shi. Kifaye masu launi iri-iri suna ta shawagi, wasu kamar an rina su. Na tambayi Bahadramen samak Musa, ya taɓa yashin ƙasan akwatin da tsinke, sai yashin ya motsa, kifin ya taso falle ɗaya kamar ganye, idanu biyu a gefe guda. Na so in ce wa direba mu koma mu ɗauko tsohon, kunya ta hana ni buɗe baki, na shiga mota muka wuce Makka.

Shekara biyu bayan haka wani ɗan garinsu ya zo Hajji, ya neme ni da suna. Ya ce idon Alhaji Gado ya rufe gaba ɗaya tun kafin damina ta wuce a waccan shekarar. In an tambaye shi kifin Annabi Musa, sai ya ce ɗan Makka ya so kai shi, shi ne ya hana, yaro ne mai kirki. Kuma ya aiko da saƙo: in Bakur ya taɓa ganin kifin, ya kwatanta wa ɗan aike yadda yake. Na zauna na kwatanta, tun daga yashin har idanun. Ban iya gaya masa cewa a ranar da na bar tsohon zaune a bakin ƙofa na ga kifin ba.

Abin da na koya ke nan a aikin nan. Mutanenmu, musamman manya, sau ɗaya suke roƙo, daga nan sai kawaici. In ka dawo kana tambayarsu ko suna so har yanzu, ka riga ka ba su amsa, su kuma za su rufa maka asiri har a garinsu. Saboda haka in kun ga tsoho ya shirya ya zauna a bakin ƙofa, kada ku tambaye shi komai. Ku kawo mota, ku kama hannunsa.