Ƙusa a Bayan Keke

Kullum ina ganinsa a gangaren Dutse Uku, wani dattijo mai jar hular sanyi, yana tuƙa keke da buhun kabeji, ƙafarsa ta hagu a karkace. A bayan keken ya gicciya sanda mai ƙusa a baki. Ban san sunansa ba, amma na rantse mota ce ta karya ƙafar nan.

Yau ga wata baƙar jif tana matse shi zuwa kwata, sai ƙiii! Ƙusa ta tsaga fenti.

Direban ya leƙo yana ihu: "Baba, ka ɓata min mota!"

Dattijon ko waiwaye bai yi ba. "Fenti ana sakewa, oga. Ƙafa fa?"

Allah ya ƙara wa ƙusar nan tsini!